Waƙar da Yahuza Ya Ɗauka a Gangara

Motar da ta ɗauko Yahuza mai gurmi daga Damagaram zuwa Tanut ta lalace a Gangara, garin da ya shekara tara yana kauce masa.

Da jin mawaƙi ya sauka, kafin la'asar 'yan samariya, ƙungiyar samarin garin, sun kafa rumfar zana, sun aro tabarmi gida-gida.

"Waƙarka ta rediyo muke so," in ji shugabansu. "Ta ɗiyar da yunwa ta ɗauke."

Amma waƙar ba ta Yahuza ba ce. A nan ya ji ta, shekarar fari da yunwa, wata mata Kulu tana kukan ɗiyarta a bayan dangar masaukinsa. Ya cire sunan yarinyar, ya kai waƙar birni ya ce shi ya yi.

Ya rera musu ita, kansa a ƙasa. Da aka watse, sai ga Kulu gabansa tana share ido.

"Baiwar Allah, akwai abin da zan gaya miki."

"Bari in fara yi maka ta'aziyya, malam. Ni ma na binne tawa a shekarar. Har waƙa na yi mata, amma ciwon da na kwanta ya shafe ta daga kaina. Yaya sunan taka?"

Yahuza bai taɓa haihuwa ba. Sunan da ya cire ne kaɗai ya zo bakinsa.

"Indo."

"Ashe takwarar tawa ce," in ji Kulu. "Daga yau zan riƙa sa taka a addu'a."