Banɗaki a Sama

Motar da ta kawo shi ita za ta mayar da shi da yamma, don haka kallo ɗaya zai yi wa gidan, ya saya ko ya haƙura. Ƙafafunsa sun kumbura da zaman mota. Ya jingina da bango, ya bar ma'aikaciyar jinyar da ta rako shi tana bin dillali ɗaki-ɗaki. Ita kuwa daga aiki take, idanunta jajur. Ta murɗa famfo, ta shafa bango ko akwai danshi.

Tun da ya ce yana son aurenta, amma da mahaifiyarsa za su zauna, ba ta ba shi amsa ba. Har ya gaji da tambaya.

A gindin matakala ta tsaya, ta daɗe tana kallon sama.

"Kar ka saya," ta ce.

Ya matso kusa da ita. "Gidan ne bai yi miki ba, ko mai sayen?"

"Banɗakin a sama yake. Da wace gwiwa Umma za ta hau? Ni dai ba zan taso aiki a gajiye in goya ta ba."

Ya sulale ya zauna a kan matakalar, yana kallonta.

Ta gyara mayafi, ta kawar da kai. "Tashi, kar mota ta bar ka. Ka dawo ka nemo mana na ƙasa."