Lambar da Bibiana Ta Gwada

"Anti Bibiana, aikin mai gwaji shi ne ya gano inda manhaja take tuntuɓe," in ji Friday, malaminsu na kwamfuta a Samaru. "Wannan ta masu neman aure ce. Sa lambar wayar da ba ta yi rajista ba, mu ga ko za ta ce babu."

Makonta na farko ke nan. Bayan rasuwar mijinta Abarshi ta fara zuwa daga Jushi cikin baƙaƙen kaya, ko ta samu sana'ar riƙe yara. Lambarsa kaɗai ta haddace. Mutumin da ko ɗaga ido ba ya yi wa mace, me zai kawo shi nan? Ta danna.

Hotonsa ya fito, sanye da rigar Kirsimetin da ta ɗinka masa. Sai ga muryar da take roƙon Allah ta sake ji ko a mafarki.

"Sunana Abarshi, daga Sabon Gari. Matata ta rasu bara, ina neman mai tsoron Allah."

Friday ya leƙo. "Kash, wannan yana da rajista. Allah sarki. Kin san shi ne?"

"Ashe ban san shi ba," in ji ta. "Amma ni ce marigayiyar."