Manomin da Ya Je Gaishe da Taurarin Ƙarshen Duniya

Gyara zama ka ji wannan. An yi wani manomi da yake cewa tun da aka yaye shi sama ba ta taɓa ɓoye masa komai ba. In ya ɗaga kai ya dubi Kaza da 'ya'yanta, sai ya gaya maka ranar da za ka fito da iri. Gamzaki kuwa, wai ba ya fitowa sai ya ji tarinsa. Gonarsa ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba, abin da ke riƙe da gidansa shi ne damin geron da manoma ke aiko masa da kaka, tukwicin gaya musu lokacin shuka. To sai zamani ya kawo rediyo mai faɗin ranar ruwa, masu aiko dami suka yi ta janyewa, har in ya yi magana a bakin rumbunsa sai rumbun ya amsa masa. Ana cikin haka 'yarsa da ke aure can ƙuryar arewacin duniya, inda mijinta ke aikin asibiti, ta aiko a kai mata shi ya ga jika. Ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ce taurarin garin nan ya gama da su, zai je ya gaishe da na ƙarshen duniya, ya dawo da ilimin da babu rediyon da ya taɓa jin ƙanshinsa. Ana gama shuka ya kama hanya.

Jirgin sama ya sauke shi, jirgin ruwa ya karɓa, aka yi ta nausawa arewa har kwana uku. Ya hau saman jirgin cikin aron rigar sanyin surukinsa da ya zo tarbarsa, hannun rigar ya haɗiye yatsunsa, ya ɗaga kai. Babu sama. Gajimare ne ya sauko ya kwanta kan teku kamar jiƙaƙƙiyar auduga, ga yayyafi mai sukar fuska kamar ƙaya. Iska ta fizge hularsa ta bai wa kifi. Da suka isa, ruwa ya ɗora daga inda ya tsaya, kwana goma sha biyu ba hutu, shi kuwa yana manne da taga yana goge gilashi da gefen riga. 'Yar ta ce, “Baba, ka kwanta ka huta, yanzu ba lokacinsu ba ne.” Ya ce, “Ke da na haifa, ke za ki gaya mini lokacin tauraro?” Ranar da gari ya washe ya ja bargo ya hau wani tudu, ya zauna jiran faɗuwar rana. Rana ta gangaro, ta gangaro, har ta kai baki ga teku kamar akuyar da za ta sha ruwa, sai ta fasa, ta bi gefe ta sake hawa. Agogo ya ce dare ya raba, ga inuwarsa miƙe a bayansa. Washegari haka, jibi haka. Mutumin da ladan ke tambaya ko asuba ta yi, sai ga shi yana jiran suruki ya duba takarda ya ce masa magariba ta shiga. A kan tudun nan ya yi kukan da bai yi ba ranar mutuwar uwarsa, don ya san hannu wofi ya zo, hannu wofi zai koma, kuma rumbu na can yana jira. Wata guda da 'yan kwanaki ya yi, ko ƙyallin tauraro ɗaya bai gani ba.

Da ya dawo, gari ya taru a gindin durumi. Ka ga da ya ce ya je ƙasar da rana ba ta faɗuwa, da ya ci majalisa har baɗi. Amma taurari ya yi alkawari, shi kuwa kunya ta fi masa yunwa ciwo. Ya gyara murya ya ce taurarin can kowanne ya kai faifai, sun sauko ƙasa-ƙasa har sai dogo ya sunkuya. Ya ce Kazar can 'ya'yanta goma sha tara ne, ya ƙirga su da bakinsa, kuma a jikinsu ya karanto ruwan shekara bakwai masu zuwa, wanda duk ke son ji ya san hanyar gidansa. Sauran masu aiko masa dami suna gaba-gaba, suna ta gyaɗa kai. Sai wani baƙo da ya zo sayen albasa ya tambayi na kusa da shi yaushe aka yi tafiyar. Aka ce bayan shuka. Baƙon ya ce, “Ikon Allah. Shekara tara na yi ina aikin jirgi a ruwan can, kuma a wannan lokaci ko fitila ba mu kunnawa. Baba, daren da ka rataya taurarin nan a jikinsa, daga gida ka tafi da shi a jaka?”

Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Masu damin suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna kaɗe riga, wai za su je duba gona, suka bar shi da baki buɗe.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.