Ƙwallon da ta tsallake katanga

Baba yana gyaran talabijin a wani ɗan shago a unguwar Misfala, a ƙasa mai tsarki. Wata la'asar ya kamo tashar Turawa ana wasan besbol, abin da ba mu taɓa gani ba. Wani ɗan wasa mai furfura ya maka wa ƙwallo sanda, ta tsallake katanga. Ashe wasansa na ƙarshe ke nan. Ya kewaye filin da gudu ya dawo inda ya tashi, abokansa suka rungume shi.

Baba ya ajiye sukundireba. "Ka gani, ya waladi, ɗana? Ya koma inda ya fito, ya tarar ana jiransa."

Baba ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, in ya fita daga ƙasar babu dawowa. Bai sake ganin garinsu Katsina ba. Har yau ina kallon wasan ni kaɗai, ko dokokinsa ban sani ba.