Giwa da Mai Janye Rake

Ɗan'uwa, tunda ka ce ai dabba ce, ba ta san abin da ake yi mata ba, gyara zama in ba ka misali.

A wani birni akwai tsohon gidan namun daji, kuma a cikinsa akwai giwa guda ɗaya tal. An ce tana 'yar ƙarama aka kawo ta a bayan babbar mota, bayan maharba sun kashe uwarta. Aka sa mata sarƙa a ƙafar baya, aka ɗaure ta a turken ƙarfe a tsakiyar filin siminti. A nan ta girma, har sarƙar ta yi mata zobe a fata. Mai kiwonta, wani dattijo marar yawan magana, ya koya mata abu ɗaya: in an miƙo mata rake sai ta ɗaga hancinta sama ta yi jinjina, sannan ta karɓa. To a bakin ƙofar gidan akwai wani mai gyaran keke, gwanin tsokana, irin wanda zai zuba maka gishiri a shayi ya zauna yana taya ka mamaki. Duk Juma'a in jama'a sun cika, sai ya sayi rake ya fere shi tas, ya miƙa ta saman shinge. Giwa ta jawo sarƙarta ta zo, ta yi jinjina, ta miƙo hanci. Daidai za ta taɓa sai ya janye, ya gartsa, yana tsotsa yana kallonta ido cikin ido, ya tofar mata da tuƙar a gabanta. Jama'a su yi ta dariya har da riƙe ciki. Sau ɗaya dattijon ya ce masa, "Malam, baki ne fa kawai ba ta da shi." Shi kuwa ya ce, "Ran da ta samu ka aiko a kira ni." Haka aka yi shekara bakwai.

Ana nan sai mahaifiyar mai gyaran keken ta zo daga ƙauye neman maganin ido. Yanar ido ce ta rufe mata idanun, ba ta ganin komai sai abin da ke dab da fuskarta, likita kuma ya ce wannan ɗin ma ba zai kai damina ba. Tsohuwa ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa. Ta ce tun tana yarinya take ganin sawun giwa a bayan gonarsu, ruwa ya kwanta a ciki kamar a ƙwarya, amma ba ta taɓa ganin mai sawun ba, tana so ta gan ta kafin duhu ya gama shigowa. Ɗan ya bugi ƙirji ya ce, "Inna, ai giwar nan ƙawata ce, daga nesa take gane ni." Nan kam bai yi ƙarya ba. Ya sayi rake mafi kauri, ya riƙo hannun tsohuwa har bakin shinge. Giwa na hango shi ta juya, ta ja sarƙarta har ƙarshen tsawonta, ta kafa goshi a bango ta ba su baya. Ya yi fito, ya kaɗa raken, ya kira ta da kirari, ko kunne ba ta motsa ba. Tsohuwa tana ta ware ido tana tambaya, "Ta zo? Ina take?" Sai mai sayar da raken, wata mata da bakinta ba ya riƙe magana, ta ce, "Iya, ina za ta zo? Ai mai janye rake ne ya kawo ki." Ta kwashe labarin kaf ta faɗa mata a gaban mutane. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Dattijon ya matso ya ce a hankali, "In ka fita za ta zo." Mai gyaran keken ya miƙa wa uwarsa raken, ya fita da ƙafafunsa, ya tsaya a cikin rana tsakanin kekunan da aka kawo masa gyara. Daga can ya ji ƙarar sarƙa tana jan siminti, ya ji jama'a sun yi salati. Amma bai ga fuskar uwarsa ba a lokacin da hancin giwa ya shafi tafin hannunta, kuma har abada ba zai gani ba. Da aka fito da ita, hannunta a jiƙe, tana riƙe da gaɓa ɗaya da ta rage. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, don haka miƙa hannu kawai ta yi inda take jin numfashinsa ta ce, "Ungo." Ya kai hannu, ya tsaya a hanya, yana jiran ta janye. Ba ta janye ba. Ta ce, "Karɓi mana. Mu a gidanmu ba a janyewa, ban san inda ka koyo ba." Ya karɓa ya tauna, ya ji kamar ƙaiƙayi yake ci.

Bayan haka ya yi ta kai rake dami-dami, amma har giwar ta mutu ba ta karɓi ko gaɓa ɗaya daga hannunsa ba. Yanzu filin babu kowa, sai turken da ciyawa ta zagaye. Kada kuma ka tambaye ni yadda aka yi na san ɗanɗanon raken nan.

Shi ya sa Bahaushe ya ce: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.