Kwaɗon Barmo Mai Zaren Hagu

A wani ƙauye, zamanin da ake yi wa abu gyara maimakon a jefar da shi, an yi wani maƙeri mai suna Barmo. Manoman garin suna da ɗaki guda na jar ƙasa inda suke tara irin shuka, gero da dawa da wake, kowa da alamar buhunsa. Sau biyu ɓarayi suka ɓalle kwaɗon kanti suka kwashe iri, sai dattawa suka kai kuka maƙera. Barmo ya ɗauki guntun ƙarfe mai kaurin babban yatsa, ya zauna da magagari kusan wata guda yana sassaƙa masa zare irin na noti, zagaye tara cif. Idan aka murɗa ƙarfen nan ya ratsa sakata, kansa sai ya nutse cikin rami, ba abin da zai kama shi sai mabuɗi mai baki kusurwa uku. Amma asirin yana cikin zaren. Kowane noti da aka sani, hagu ake juya shi ya kwance. Na Barmo kuwa dama yake kwancewa. Ɓarawon da ya sami abin kamawa ya juya hagu, da hannunsa yake ƙara ɗaure ƙofar.

Mutum biyu kaɗai suka san wannan: Barmo da Malam Nomau mai riƙe da mabuɗi. Kowace shekara, washegarin ruwan farko, Nomau yakan tsoma gashin kaza cikin man gyaɗa ya shafa wa ƙarfen, ya tare shi da jikinsa don kada a ga hannun da yake juyawa, ya yi bisimilla, ya fara murɗawa. Jama'a daga baya suna ƙirga ƙarar tare da shi, ɗaya, biyu, har tara. Barmo yakan tsaya can gefe, hannu a baya, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shiga hancinsa, yana sauraron ƙarfensa na tafiya sumul. Shekara ashirin da shida ana haka, ko ƙwayar gero ba ta ɓata ba.

Da Allah ya yi wa Nomau rasuwa cikin bazara, aka miƙa mabuɗi ga Hashimu, wanda ya yi shekaru yana kanikanci a birni. Barmo ya tsufa, ido ya yi rauni, amma ya dogara sanda ya iske shi a bakin kasuwa.

"Ɗana, ƙarfen nan yana da halinsa. Zo gefe in faɗa maka."

"Haba Baba! Injin babbar mota na kwance da hannun nan. Noti ai noti ne. Je ka huta."

Mutane suka yi dariya. Barmo ya dubi kunnuwan da ke kewaye da su, ya haɗiye maganar, domin asirin da aka faɗa a kasuwa ya daina tsare ƙofa. Ya ƙudura zai same shi a gida, sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Yana kwance ruwa ya sauka.

Da safe Hashimu ya sa mabuɗi ya juya hagu. Ƙarfe ya ƙi. Ya ce tsatsa ce. Ya zura bututun ƙarfe a hannun mabuɗin, ya kira ƙarti biyu suka danna tare. Sai ji aka yi ƙas! Bakin mabuɗi ya karye a cikin rami. Aka ɗauko Barmo a kan jaki. Ya shafa wurin da yatsunsa, ya juya ga Hashimu.

"Wane hannu ka juya?"

"Hannun da duk duniya take juyawa."

"Duk duniya," in ji Barmo, "har da ɓarayi."

Ya roƙi a ba shi kwana biyu don ya zaro guntun. Danshin ƙasa ba ya jiran kowa, saboda haka aka sa gatari aka faskare ƙofar, aka fitar da iri. Wannan ba laifi ba ne, dole ce ta sa. Laifin shi ne abin da aka faɗa a gaban mai gari: wai kwaɗon aikin ƙauye ne, ya yi tsatsa, maƙeri ya kusa jawo wa gari asarar damina. Ba wanda ya ce a kawo ƙarfen a duba, alhali yana nan yana ƙyalli da man shekara ashirin da shida. Daga ranar manoma suka riƙa kai fartanyarsu maƙerar wani gari. Barmo ya naɗe ƙarfen da guntayen mabuɗin a tsumma, ya ajiye ƙarƙashin tabarmarsa, a nan aka same su ranar da ya rasu. Kwaɗon kantin da aka maƙala a sabuwar ƙofar kuwa bai ga damina biyu ba.

To, a daidaita magana. Ƙarfe bai yi tsatsa ba, maƙeri bai yi kuskure ba. Wanda ya san noti dubu ne ya ɗauka ya san na dubu da ɗaya, ya ƙi bai wa tsoho kunne na minti guda. An ɓata sunan Barmo a bainar jama'a, a bainar jama'a ya kamata a wanke shi. Waɗanda suka danna bututun nan suna raye, 'ya'yan Barmo suna nan a maƙerar ubansu, hanya kuma ba ta da nisa. Su je su tsaya a bakin ƙofa, su faɗa da bakinsu cewa hagu suka juya.

Gaskiyar Bahaushe da ya ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.