Kujerar Bayan Direba

"Bizarka ta aikin wucin gadi ce," in ji sakatariyar makarantar da yake tuƙa wa mota. "Idan 'yarka ta zo, biya za ka yi." Kuɗin zango ɗaya ya haɗiye albashinsa na wata huɗu.

Ya kira matarsa can gida. "Ku kwance kayan tukuna."

'Yar ta warce wayar. "Baba, a motarka za ka riƙa kai ni?"

"Kujerarki ma tana bayana."

Shekara biyu ke nan yana kwasar 'ya'yan mutane gida-gida. Yau wata sabuwar ɗaliba ta haye kujerar. Kafin ya ce uffan, yaran suka haɗa baki:

"Ke, tashi! Da mai ita. Tana hanya."